Ihun da Na Hana Ki

Zuwa gare ki, sanyin idona, fitilar ɗakina, inuwar da nake gudu in fake a ƙarƙashinta idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, abokiyar zamana a gida da kuma kan bencin filin wasa, Kyaftin ɗina. Amincin Allah ya lulluɓe ki a inda kike zaune, a wancan ɗakin na Yaya, babbar ’yar uwarki, da har yau ban samu izinin wuce ƙofarsa ba.

Na san abin da za ki fara cewa: yau kuma mai gyaran firji ne riƙe da biro? Ki yi haƙuri da rubutun, ya yi kama da inda kaza ta yi tono, hannun ya fi sabawa da sukudireba da sandar ganga. Na kira wayarki har na fara jin kunyar wayar. Na tura saƙo, na ga alamar ya isa, ban ga alamar an buɗe ba. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita ko ba a so, sai an taɓa ta da hannu kafin a yar.

Kyaftin, gari ya haukace! Tun ranar Lahadi da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi babu wanda ya dawo hayyacinsa. Kofin da ake jira tun kafin a haife mu, kofin da tsofaffi suke ba mu labarinsa kamar tatsuniya, yau ga shi a hannun ƙungiyarmu. Motoci sai hon suke yi ba gaira ba dalili. Mai askin layinmu ya rantse duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da zanen kofi a ƙeya, ko ya so ko ya ƙi. Tsohuwar nan mai sayar da gawayi, wadda ba ta san bambancin gola da alƙalin wasa ba, da idona na gan ta ta ɗaura kallabi mai launin rawaya tana taka rawa a tsakiyar titi. Wani ma akuyarsa ya shafa wa fenti, rabi rawaya rabi baƙi, baiwar Allah sai yawo take tana kuka ana tafa mata. Ni kuwa, makaɗin magoya baya, wanda ya kamata a ce hannunsa ya kumbura da kiɗa, ga ni zaune a shago tsakanin matattun firji, duk ihun da ya taso daga titi sai in ji kamar ni ake yi wa. Na rufe ƙofar shagon rabi don kada a shigo yi mini barka.

Kin tuna ranar da na fara jin muryarki, ya ke mai muryar da ta fi sanyin asuba daɗi? Ni ban manta ko ƙwayarta ba. Ɗan wasan gabanmu ya jefa ƙwallo a raga, na daka tsalle na hau dukan ganga kamar zan fasa fatar. Sai wata yarinya da ke zaune a bencin ƙasa da nawa, kusa da wani dattijo, ta waiwayo ko murmushi babu ta ce, “Malam mai ganga, sassauta hannunka, satar gida ce.” Ban gama buɗe baki don in yi musu ba sai ga mataimakin alƙali ya ɗaga tuta. Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuma na tsaya da sanda a sama kamar wanda aka dasa. Wace irin yarinya ce wannan da take ganin abin da idona bai gani ba? An ci mu a ranar, amma na koma gida ina ta murmushi ni kaɗai, har ƙanina ya tambaye ni ko na sauya ƙungiya ne.

Daga baya na san dattijon Baba ne, mahaifinki, na san shi ya raɗa miki Kyaftin, na san a kan wuyansa kika fara shiga filin nan tun ba ki iya faɗin sunan ƙungiyar daidai ba. Shi ya taɓa ganin kofin sau ɗaya yana saurayi, sai ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana jiran ya sake gani. Kuma ina tsaye a gefen gadon asibiti, riƙe da fulas ɗin shayi, ranar da ya kwance agogonsa ya ɗaura miki ya ce, “Idan sun ɗauko shi ba na nan, ki yi ihu biyu, Kyaftin. Ɗaya naki, ɗaya nawa.” Ba labari aka ba ni ba, abar ƙaunata. Da kunnena na ji, har na ce amin. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

To ta yaya mutumin da ya ji wannan magana ya yi abin da na yi?

Kin san yadda muke, mu ’yan kallon ƙwallo. Mutane ne masu hankali a ko’ina, mun san komai na Allah ne, amma da an zo maganar wasa sai hankalin ya tafi hutu. Dogo mai walda bai wanke safarsa ba tun wasan farko na gasar nan, matarsa ta kore shi da ita zuwa baranda. Abokinmu Direba ba ya shiga fili sai ta ƙofar da ya bi ranar da muka fara cin wasa, ko da zai zagaye filin gaba ɗaya. Ni kaina ba na sa komai a bakina ranar wasa sai an tafi hutun rabin lokaci. Duk muna yi muna dariyar kanmu. A cikin irin wannan shirmen ne Dogo ya fara tsokanarki da farar ƙafa, wai tun da aka haife ki ba mu ci kofi ba. Kika ce masa, “Kai da ka riga ni zuwa duniya fa, me ka ci mana kafin in zo?” Aka kwashe da dariya, ya ce ya sallama. Na ji daɗin amsar nan har na buga miki ganga.

Sai kakar bana ta zo da tsiyarta. Wasan da kika je, a ci mu ko a tashi canjaras. Wanda ɗinkin mutane ya riƙe ki a kan keke, sai mu ci. Ranar wasan kusa da na ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da ke, muka yi nasara da ƙyar da jiɓin goshi. Daga nan na lura masu dariyar sun ragu. Maganar ta daina zama wasa, ta koma abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa idan na juya baya. Ana saura ’yan kwanaki wasan ƙarshe Shugaban magoya baya ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata ya ce, “Mai ganga, ba wai mun yarda da camfi ba ne, amma ka san an daɗe ana jira. Ka lallaɓa mana madam.” Da na ce masa ya je ya lallaɓi ’yan bayansa da ke barin ƙwallo tana wucewa, da yau ba na rubuta wannan takarda. Sai na gyaɗa kai. Tikitinki da ke aljihuna na miƙa wa surukin Dogo, mutumin da sai da aka tafi hutun rabin lokaci ya tambaye ni wane ɓangare ne namu.

Safiyar Lahadi ba za ta bar idona ba har in koma ga Allah. Kina tsaye kina goge babbar tutar nan da kika kwashe makonni kina ɗinkawa, wadda allura ta huda miki yatsa a kanta har kika naɗe shi da filasta. Rigarki mai launin rawaya tana rataye a jikin ƙofa, agogon Baba yana kan tebur kin riga kin murɗa kansa don kada ya tsaya. Kina ta ’yar waƙarki ƙasa-ƙasa, fuskarki kamar wata ɗan daren sha huɗu. Na yi ta kewaye ɗakin ina neman abin da bai ɓata ba. Can na ce wai da za ki kalla a gida, talabijin ma ta fi nuna komai dalla-dalla, ga cunkoso, ga rana. Ba ki ajiye dutsen guga ba. Ba ki ɗaga murya ba. Kika dube ni kika ce, “Kai ma?” Wayyo, hasken raina! Da zagina kika yi, da jifana kika yi da abin da ke hannunki, da na samu abin riƙewa. Kika tambayi tikitinki, na gaya miki inda yake. Sai kika ninke tutar tsaf, kika miƙo mini da hannu biyu, kika ce Allah ya ba da sa’a. Na karɓa, na rataya gangata, na fita. Abin da hannunki ya ɗinka ya shiga filin, aka shimfiɗa shi a kan ɗaruruwan kawuna, ke kuma na bar ki tsaye kusa da teburin guga.

Wasan kin san yadda ya kasance, kin ma fi ni sani. Ana dab da tashi aka bugo kwana, sai ga ɗan bayan nan da kowa ke zagi ke kaɗai kike kare shi, ya tashi sama kamar an harba shi, ya sa wa ƙwallon kai. Raga ta motsa. Kyaftin, ban san lokacin da na yar da sanda na koma dukan ganga da tafin hannu ba. Manyan mutane masu jikoki suna birgima a ƙasa, maƙiya suna rungumar juna, Direba ya durƙusa yana kuka kamar yaron da aka yaye. Dogo ya ɗaga ni sama ya yi mini ihu a kunne, “Ka gani ko? Da ta zo fa?” Ni kuma na yi dariya. Wallahi na yi dariya! Aka ɗauke ni a kafaɗa ana yi mini godiya, ba don kiɗan da na yi ba, don matata da na bari a gida. Na karɓi godiyar da haƙora a waje. Da magariba na dawo gida murya a dishe, na tarar da rigarki a ninke a kan gado, agogon ba ya kan tebur. Na ce a raina fushi ne, ta tafi wurin Yaya, gobe da safe za ta huce. Har na ci abincin da kika rufe mini.

Washegari abokai suka cika shagona ana ta maimaita wasan. Sai aka fara miƙa wata waya hannu zuwa hannu ana ƙyaƙyata dariya. Wani mai ɗaukar hoto ne ya juya kyamararsa ɓangaren abokan hamayya daidai lokacin da ƙwallon ta shiga. Ga su nan cikin jajayen rigunansu, wasu sun ɗora hannu a ka, wasu sun sunkuya. A tsakiyarsu wata mace ɗaya cikin mayafi ruwan toka, ta cusa bakin mayafin tsakanin haƙoranta ta cije, ta toshe da hannu, hawaye na zuba har haɓa. A ƙasan hoton an rubuta: hawayen waɗanda suka sha kashi. Dogo yana cewa, “Ku ga tasu, ku ga tasu, kamar an yi mata mutuwa!” Ni ma na miƙa hannu ina dariya na karɓi wayar, na sa yatsu biyu na buɗa hoton don in more kallon. Sai na ga agogon namiji a hannunta, ya yi mata yawa har ya zame ya sauko kusa da gwiwar hannu. Sai na ga filasta a yatsa.

Ya rabin raina, yaya kika yi? Yaya kika yi da ihu biyu a maƙogwaro ɗaya, kina zaune a tsakiyar mutanen da idan kika saki ko rabin ɗaya za su yi miki ca? Yaya kika yi kina hango tutarki tana kaɗawa a ɗaya gefen, kina jin gangata tana tashi, kina ganin bencin da Baba ya zaunar da ke tun kina ’yar mitsitsiya, wani baƙo yana tsalle a kansa? Shekara da shekaru kina ajiye wannan ihun kamar yadda manomi ke ajiye iri, ranar shuka ta zo, ni da kaina na sa kika haɗiye shi. Ba alƙalin wasa ya hana ki ba, ba abokan hamayya ba, ba ma Dogo ba, don shi ba mijinki ba ne. Na daɗe ina kallon hoton har allon wayar ya mutu a hannuna.

Na ce musu, “Wannan matata ce.” Dogo ya cire hularsa yana murzawa. Can ya ce, “Ashe tana ciki? To ai ke nan ƙafar ba fara ba ce.” Kin ji fa! Har a lokacin lissafin ƙafarki yake yi. Sai dai ban iya yi masa faɗa ba, don maganarsa ta tona mini wani abu a cikina: ni ma abin da ya fara zuwa zuciyata ke nan, wai an wanke ki. Wanke ki daga me? Da a ce kin zauna kusa da ni an zura mana ƙwallaye har raga ta yage, da laifin me kika yi? Ba na so ki dawo don hoto ya ba da shaida a kanki. Wurin zaman nan naki ne tun kafin in san hanyar filin, ni ne ma baƙo a kansa.

Na rufe shago na tafi gidan Yaya. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa ba, ni ma ban nemi ta matsa ba. Ita ta ba ni sauran labarin: yadda kika ajiye rigarki kika yafa mayafin da ba ya nuna kowane ɓangare, kika tafi ke kaɗai, kika tarar babu sauran wuri sai a ɓangaren baƙi, kika shiga. Ta ce wata mata da ke kusa da ke ta ga kina kuka ta rungume ki tana bubbuga bayanki tana cewa, “Yi haƙuri ’yar uwa, baɗi namu ne.” Ke kuma kika gyaɗa mata kai. Yaya ta ce, “Mai ganga, ba faɗa za ta yi da kai ba. Da faɗa ne ai da sauƙi. Ta ce in yi maka barka.” Ban taɓa jin barkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba. Na tsaya ina kallon takalmanki a bakin ƙofar, da ƙurar filin a jikinsu, har Yaya ta ce in tafi haka nan.

Gidan babu daɗi, farin cikina. Kekenki yana rufe da zaninsa, guntayen ƙyallen tuta rawaya da baƙi suna nan a ƙarƙashinsa, na kasa sharewa. Idan aka sake nuna ƙwallon a talabijin sai in tashi in kashe, ni da na yi mafarkinta tun ina yaro. Ina kewar yadda kike gyara wa masu sharhin wasa magana kamar suna jin ki. Ina kewar yadda kike cewa in rage gishiri a labari idan ina ba da shi. Itace ba ya sanin daɗin ruwa sai rani ya kai masa har saiwa, ni kuwa yau rani ya kai mini. Me zan yi da kofin da ba zan iya waiwayowa in ga fuskarki a kansa ba?

Ba zan yi miki ƙarya in ce zan dawo miki da wancan lokacin ba. Ƙwallon ta shiga sau ɗaya, ta wuce, babu alƙalin da zai ce a sake. Wannan asarar ni na jawo miki, zan kuma ɗauke ta har ƙarshen raina. Amma ga ɗan abin da ya rage a hannuna. Ranar Asabar za a zagaya gari da kofin a buɗaɗɗiyar mota, a ƙare a filinmu, kyaftin ɗin ’yan wasa ya ɗaga shi a gaban benayenmu. Kin san al’adarmu ta magoya baya: komai zumuɗi, babu mai fara waƙa sai ganga ta yi magana. Na je na samu Shugaba na gaya masa cewa bana ganga ba za ta riga kowa magana ba, sai ’yar Baba ta yi ihunta biyu. Ya ce in ba ki zo ba fa? Na ce to ya nemi wani makaɗin da wata gangar, tawa dai tana tare da ni a kan benci. Ya ce na haukace. Na ce ai gari duka ya haukace, bari ni ma in yi tawa haukar a inda ta dace.

Kada ki ɗauka na ɗora miki nauyi ne. Idan ba ki zo ba, babu wanda zai ji daga bakina cewa kin ƙi, kuma ba zan ga laifinki ba ko na ƙwayar zarra. Zan zauna a gefen wurinki, in sa hannu in tare shi kada kowa ya zauna, in yi shiru har a watse. Ke kin yi shiru a cikin dubban baƙi a ranar da kika fi kowa cancantar ihu, ni ma sai in ɗanɗana a cikin ’yan uwana.

Za ki ji wani abu mai tauri a cikin ƙunshin da Yaya za ta miƙa miki tare da wannan takarda. Sandar gangar ce, wadda na daskare da ita a sama ranar da kika ce in sassauta hannuna. Na tsinto ta a ƙarƙashin benci bayan an tashi. Ba ni da wata, ba kuma zan sassaƙa wata ba. Idan kin zo, ki taho da ita. Idan ba ki zo ba, ki ajiye ta kusa da agogon Baba, har ranar da zuciyarki ta ga dama, ko bana, ko baɗi, ko ranar da furfura ta gama rufe mana kai.

Ni ne naki a ranar nasara da ranar shan kashi, naki ko an ci kofi ko an koma jiran wasu shekarun, wanda ba zai sake shiga ƙofar filin da aka hana ƙafarki shiga ba,

Mijinki,
Mai ganga, da gangarsa a rataye.